Mako Guda Babu Sabuwar Dusa, Me Ya Hana Haɗarin Zaftarewa Sauka?

Tambaya: Shekara huɗu ke nan ina wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, amma duk a filayen da ake gyarawa ana kuma tsaronsu. Bana na fara bin abokaina zuwa bayan dutse, inda babu injin ɗaukar mutane, babu masu sintiri. Yau kwana bakwai rabon da dusa ta sauka, rana tana fitowa tas, amma rahoton haɗarin zaftarewar dusa ya tsaya cak a mataki na 3 cikin 5. Akwai wani gangare mai kallon arewa da muke son sauka ranar Asabar, har mun hango sawun mutane a kansa. Abokina ya ce dusar ta riga ta zauna, in ma muna shakka sai mu haƙa rami mu duba. Shin yana da gaskiya?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka rabin gaskiya ya faɗa, kuma rabin da ya bari shi ne mai cin rai. Sabuwar dusa tana zama, wannan haka yake. In matsalar ita ce wadda ta sauka jiya ba ta gama kama ta ƙarƙashinta ba, kwana biyu zuwa uku sukan isa ta lafa. To amma a ce an yi mako guda cur ko ƙwaya ba ta sauka ba, masu hasashe kuma sun ƙi rage lambar, ai ruwa ba ya tsami banza. Abin da suke gaya maka shi ne ciwon ba a sama yake ba, yana can ciki a binne. Irin wannan ciwo kuwa ba ruwansa da lissafin kwanaki. Makonni yake yi, wata shekarar ma sai hunturu ya ƙare yana nan.

Mu fara da abin da kake takawa. Idonka fari ɗaya yake gani tun daga ƙafarka har ƙolin dutse, amma in ka sa shebur ka yanka har ƙasa, shimfiɗa-shimfiɗa za ka tarar, wata bisa wata. Kowace saukar dusa ta bar tata, kowace iska ta bar tata, ranar da aka yi ɗumi saman ya narke ya sake daskarewa ta bar ɓawo. Labarin hunturun ne gaba ɗaya a rubuce. Zaftarewar da ta fi hallaka masu zamiya ba garin dusa ba ce mai somawa daga wuri guda tana buɗewa a hankali. Ta falale ce: shimfiɗar sama ta haɗe jikinta ta zama abu ɗaya kamar falalen dutse, tana zaune a kan wata shimfiɗa marar ƙwari. Ɗauka an jera siraran kofunan gilashi a kan tebur mai karkata, aka kifa faffaɗan katako a kansu. Yana nan zaune lafiya lau har sai kofi ɗaya ya fashe. Nauyinsa ya koma kan na kusa, shi ma ya fashe, haka-haka, karayar tana gudun gomman mitoci a daƙiƙa guda a ƙarƙashin dusar ba tare da ka gan ta ba. Sai katakon duka ya sulale. Mugun abin shi ne bakin tsagewar galibi a samanka yake buɗewa, wato kana tsakiyar falalen sa'ad da ya tashi, kuma kafin ka farga gudunsa na iya wuce kilomita 100 a awa.

Ka riƙe wannan kuma: a wajen kashi 90 cikin 100 na haɗurran da ke cin masu zamiya, wanda abin ya rutsa da shi ko wani a cikin ayarinsa shi ne ya taɓo ta. Ba daga sama take faɗo wa mutum haka kawai ba. Kuma ihu ba ya tayar da ita, wannan tatsuniya ce. Nauyi ne.

Daga ina raunanniyar shimfiɗar take fitowa? Nan ne amsar tambayarka take, don haka bari in daɗe a kai. Ƙasar da ke ƙarƙashin dusa kusan kullum tana wajen digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, saboda dusar bargo ce a gare ta. Saman kuwa yana bin sanyin iska. A ce a farkon hunturu dusa mai kaurin santimita 50 ta sauka, sai gari ya washe, dare ya riƙa kai wa digiri 15 ƙasa da sifili. Bambancin digiri 15 ke nan a cikin rabin mita. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke aiki da ita ita ce, da zarar bambancin ya kai digiri 1 a kowane santimita 10, laima takan fara tashi daga ƙwayoyin ƙasa masu ɗan ɗumi tana mannewa a jikin na sama masu sanyi. A misalinmu an ninka ƙa'idar sau uku. Ƙwayoyin sai su sake siffa, su yi girma, su yi kusurwoyi masu kaifi, su daina riƙe juna. In ka damƙa su a hannu ba sa dunƙuluwa, zubewa suke yi ta tsakanin yatsu, shi ya sa ake ce musu dusar sukari. Daga baya manyan guguwowin Disamba da Janairu su zo su gina mita guda a kanta. Gini ke nan a kan yashi, kuma tubalin yana ƙasa inda rana ba ta kai.

Akwai ƙanwarta, wadda ni na fi tsoro. A daren da sama ta yi wasai, babu iska, akwai ɗan laima, raɓa takan daskare a saman dusa ta fito kamar fuka-fukai a tsaitsaye, masu walƙiya in rana ta hau. Abin sha'awa ne ƙwarai, zamiya a kanta ma daɗi gare ta. In iska ko rana ta rushe ta kafin saukar gaba, shi ke nan. In kuwa sabuwar dusa ta sauka a hankali ta rufe ta a tsaye, to ga kofunan gilashinka nan an binne. Kaurinta wani lokaci bai fi na farce ba, sai ka haƙa rami ka wuce ta ba ka lura ba. Tana iya ɗaukar nauyi daga sama na tsawon makonni, amma ba ta jure turi ta gefe. Haka nan kusa da ɓawon da ruwan sama ko rana suka bari, siririn layin sukari yakan tsiro a samansa ko a ƙarƙashinsa.

To dubi gangarenku. Arewa yake kallo, wato a sashen arewacin duniya shi ne fuskar da rana ba ta cika leƙawa ba a tsakiyar hunturu. Sanyin da ya sa garin dusarsa ya kasance mai laushi bayan kwana bakwai, wanda shi ne ya ja ku, shi ne dai sanyin da ya adana raunanniyar shimfiɗar kamar a firji. Ɗumi matsakaici shi ke sa ƙwayoyi su haɗe su yi ƙwari. Rana da kuke gani tana gyara gangaren kudu ne, naku tana wuce shi. Ba banza ba kaso mafi tsoka na haɗurra a Turai da Arewacin Amurka yake faɗawa a fuskokin arewa maso yamma, arewa, zuwa gabas. A tsaunukan Cile da Niyuzilan abin a juye yake, can fuskar kudu ce mai inuwa.

Yankin ma yana da hali. Tsaunukan da ke kusa da teku, kamar Cascades a yammacin Amurka, dusarsu tana da yawa, tana da nauyi, sanyin kuma bai tsananta ba. Haɗarinsu yakan yi tsalle lokacin guguwa ya sauka da wuri bayanta. Can dokar abokinka ta kwana biyu-uku ta fi yin aiki. Kolorado kuwa dusarta ba zurfi, ga sanyi, ga iska, masana'antar sukari ce, kuma tun daga 1950 babu jihar Amurka da ta kai ta yawan mace-macen zaftarewa. A tsaunukan Alps ma haka: yankunan can ciki na Suwizalan, irin su sassan Valais da Graubünden, dusa ba ta sauka a cikinsu kamar yadda take yi a gefen arewa, amma su ne aka sani da matsalar tsohuwar dusa. Sababbin shiga kan yi mamaki in na ce hunturun da aka yi ƙarancin dusa ya fi ba ni tsoro. Ƙarancinta ne yake haifar da sukari.

Sai maganar sawu. Nauyin mai zamiya yana raguwa yayin da yake nutsawa cikin dusa, in raunanniyar shimfiɗa ta wuce zurfin mita guda da wuya ka taɓa ta kai tsaye. Amma kaurin dusa ba ɗaya ba ne a faɗin gangare. Kusa da duwatsun da suka ɗan leƙo, a kan doron da gangare ya karye ya ƙara tsayuwa, a gefen kwazazzabo inda iska ta share, falalen yakan sirance ya koma santimita 30 ko 40. Mutum goma su bi ta wurin mai kauri su wuce suna murna, na goma sha ɗaya ya juya a kan siririn wuri, karayar ta shiga ƙarƙashin mai kaurin, gangaren duka ya tafi har da sawun goman farko. In yi adalci, akwai sawun da yake da amfani: gangaren da ɗaruruwan mutane suke tattakewa bayan kowace saukar dusa tun farkon hunturu, shimfiɗunsa a dagule suke, ya fi aminci. Layi biyar ko shida da kuka hango daga nesa ba wannan ba ne. Shaida ce kawai cewa mutum shida sun yi sa'a, ko kuma ba su taka inda ya kamata su ji tsoro ba.

Irin wannan shimfiɗa ma ba sai ka hau gangaren ba. Karayar tana iya somawa a ƙarƙashin ƙafarka a wuri mai ɗan kwanciya, ta haura sama, ta sako maka abin da ke bisa kanka. Ranar 20 ga Afrilun 2013, a Sheep Creek kusa da mashigin Loveland a Kolorado, mutum shida suna hawa ta gindin wani gangare, da kayan ceto a jikinsu, ba kuma baƙin dutse ba ne. Falale mai zurfi ya ɓalle daga samansu, biyar suka rasu. A watan Afrilu fa, a kan raunin da aka binne tun watanni.

Yanzu lambar 3. Ma'aunin Turai mai mataki 5 an amince da shi ne a 1993, kuma mutane da yawa suna karanta shi kamar makin jarrabawa, wai 3 tsaka-tsaki ne. Ba haka ba ne. Haɗarin ba hawa ɗaya-ɗaya yake yi ba, ninkawa yake yi daga mataki zuwa mataki. Cibiyar binciken dusar ƙanƙara da zaftarewa ta SLF da ke Davos, wadda take fitar da rahoton Suwizalan tun 1945, ƙididdigarta ta nuna wajen rabin waɗanda suke mutuwa a mataki na 3 suke mutuwa, wajen kashi 30 cikin 100 kuma a mataki na 2. Dalilin a fili yake. A mataki na 4 da na 5 dutsen da kansa yake ruri, ana rufe hanyoyi, kowa yana gida. A mataki na 3 kuwa sama shuɗiya ce, dusa lumui, komai shiru, kallon kitse ake yi wa rogo. Tun hunturun 2022 zuwa 2023 cibiyar ta fara ƙara alamar ragi, daidai ko ƙari a jikin lambar don a san ko tana ƙasa-ƙasa ko tana dab da hawa.

Ni dai lambar ita ce abin da na fi saurin wucewa a rahoton. Bayanin da ke ƙarƙashinta nake zama in karanta: daga wane tsawo haɗarin ya fara, waɗanne fuskoki, kuma wace irin matsala ce. A Turai iri biyar ake rarrabewa: sabuwar dusa, wadda iska ta tara, tsohuwar dusa mai raunin ciki, jiƙaƙƙiya, da mai sulalewa gaba ɗaya a kan ƙasa. Kowace da maganinta. Sabuwa haƙuri take so. Jiƙaƙƙiya agogo take so, ka fita da wuri ka dawo da wuri. Ta iska ido take so, domin ana ganinta: tana taruwa a bayan doro, ɓangaren da iska ba ta duka, sumul kamar matashin kai, da leɓen dusa yana reto a samanta. Mutanen Alps suna da tsohuwar magana cewa iska ce maginin zaftarewa, kuma ko dusa ba ta sauka ba iska tana iya kwaso ta wani gefe ta jibga a wani cikin dare ɗaya. Don haka "kwana bakwai ba dusa" ba ya nufin kwana bakwai ba ƙarin nauyi. Ita kuwa tsohuwar dusa, ba haƙurin kwana uku, ba agogo, ba ido. Nisa take so. Koma ka buɗe rahoton, na tabbata a ƙarƙashin lambar nan za ka ga ita aka ambata, kuma za ka ga fuskar arewa a cikin waɗanda aka yi wa alamar haɗari. Ka tuna kuma rahoton na yanki ne mai faɗi, bai san gangarenku ba. A Suwizalan ana fitar da shi da ƙarfe 5 na yamma a sabunta da ƙarfe 8 na safe, na safen nan shi ne naka.

Ramin fa? Ku haƙa, ina ƙarfafa ku, babu makarantar da ta fi shi. Za ku yanke ginshiƙi mai faɗin santimita 30 ta kowane gefe, ku ɗora shebur a kansa, ku buga sau 10 daga wuyan hannu, 10 daga gwiwar hannu, 10 daga kafaɗa, ku ga inda zai karye da yadda zai karye. Wanda ya fi shi amfani a wannan matsala shi ne faffaɗan ginshiƙi mai santimita 90 a kan 30, wanda Ron Simenhois da Karl Birkeland suka gabatar a 2006, domin shi yana nuna ko karayar za ta ruga daga gefe zuwa gefe. Amma ka san iyakarsa. Rami taga ce mai faɗin mita ɗaya a gangare mai faɗin filin ƙwallo da yawa. Ka matsa mita goma ka sake haƙawa, kana iya samun wata amsa dabam. Saboda haka rami baki ɗaya gare shi: yana da ikon ya ce kada ka je, ba shi da ikon ya ce je ka. In ya karye fes, magana ta ƙare. In ya ƙi karyewa, rahoton na nan daram, ba abin da ya goge. Mutumin da ya haƙa rami don neman izinin abin da ya riga ya ƙudura, zai samu izinin, ko da sai ya haƙa na biyu.

Alamun da dutsen yake bayarwa kyauta sun fi rami ƙarfi. Sabuwar zaftarewa a gangare mai irin fuska da tsawon naku ita ce ta ɗaya, babu gwajin da ya kai ta. Sai ƙarar nan mai kama da gurnani, "wuf", da kake ji dusa ta ɗan nutse da kai: raunanniyar shimfiɗar ce ta rushe a ƙarƙashinka, abin da ya hana ta tafiya kawai shi ne wurin bai da tsayuwa. Sai tsaga da ke harbawa gaba daga bakin allon zamiyarka. Ganin ɗaya daga cikinsu ya isa. Rashin ganinsu kuwa, a matsalar tsohuwar dusa mai zurfi, ba ya wanke komai, don sau da yawa alamarta ta farko ita ce zaftarewar da kanta.

Abin da ya rage a hannunka ke nan abu ɗaya ne, kuma shi ne kaɗai ba ya canzawa daga safe zuwa yamma: siffar ƙasa. Falale yana bukatar tsayuwa. Mafi yawansu tsakanin digiri 30 da 45 suke ɓallewa, tsakiyar haɗarin kuma wajen 35 zuwa 40 ne, wanda kash, shi ne daidai tsayuwar da ƙwararren mai zamiya ya fi jin daɗi. Ƙasa da 30 da wuya ya tashi. Ido ba ya iya wannan awo, kowa yana kuskure, don haka a auna. Taswirorin yanzu suna rina gangare da launi gwargwadon tsayuwarsa, waya ma tana aunawa. Ko da sandunanka biyu: kafa ɗaya a tsaye, ka miƙa ɗayar a kwance har bakinta ya taɓa dusa. In ta haɗu da ta tsayen a ƙolinta, digiri 45 ke nan, in a tsakiyarta, wajen 27. Wurin da ya fi tsayuwa a gangaren shi ake lissafawa, ba matsakaicinsa ba, kuma har da abin da ke samanka. Werner Munter, jagoran dutse ɗan Suwizalan wanda ya sauya yadda ake koyar da wannan ilimi a shekarun 1990, ya bar ƙa'ida mai sauƙi: a mataki na 2 kada a kai 40, a na 3 kada a kai 35, a na 4 a tsaya ƙasa da 30. Ga wanda bana ya fara, kuma ga tsohuwar dusa mai tashi daga nesa, ni nakan ƙara ɗaure ta: ƙasa da 30, kuma ba a ƙarƙashin abin da ya fi 30 ba.

Dubi kuma inda za ta kai ka in ta tafi. Ƙaramar zaftarewa da ta ƙare a buɗaɗɗen fili wata aba ce, wadda ta ƙare a kwazazzabo, inda dusar za ta taru mita uku a kanka, wata aba ce dabam. Itatuwa da bakin kwari kuwa ba sa jiran a binne ka. Bayan hunturun 2003, wanda a cikinsa zaftarewa biyu a tsaunukan Selkirk na Kanada suka ci mutum bakwai-bakwai cikin mako biyu, ta biyun 'yan makaranta ne a kwarin Connaught, hukumar gandayen ƙasar ta fito da ma'aunin da ke rarraba hanyoyin kansu gwargwadon yadda suke fuskantar zaftarewa. Wato ban da tambayar yaya dusar take yau, a tambayi wane irin wuri ne wannan.

Ban so in wuce ban taɓa maganar abokai ba, tunda da su ka fara. Ian McCammon ya bi diddigin ɗaruruwan haɗurran Amurka a farkon shekarun 2000, ya tarar cewa akasari alamun suna nan a fili, mutane ne suka tsallake su: don sun saba da wurin, don sun riga sun ce yau sai sun hau, don akwai wanda ake ganin gwani ne a cikinsu, don kada wasu su riga su ɓata sabuwar dusar. A Tunnel Creek, bayan filin Stevens Pass a jihar Washintan, ranar 19 ga Fabrairun 2012, ayari ne na mutum 16, cike da ƙwararru, uku suka rasu. Daga baya aka ji wasunsu sun ji wani abu a ransu amma ba wanda ya buɗe baki. Ni kaina na taɓa jin "wuf" ɗin nan sau biyu a hanyar hawa na yi kamar ban ji ba, saboda mun yi doguwar tafiya kafin mu iso kuma ba na son in zama mai ɓata wa jama'a rana. Gangaren da ke gefenmu ne ya ɓalle, ba namu ba. Ba wayona ba ne ya raba. Kai da kake sabo a ayarin, bakinka zai fi na kowa nauyi, kuma tambayar da ka aiko ta nuna kai ne ka fi su ganin abin.

Kayan ceto wajibi ne, amma ka san me suke saya maka. Tsohuwar ƙididdigar Suwizalan ta nuna wanda aka tono cikin minti 15 yana da damar rayuwa sama da kashi 90 cikin 100, zuwa minti 35 ta faɗo wajen kashi 30. Binciken baya-bayan nan ya rage wa'adin farkon zuwa wajen minti 10. Shaƙewa ce take kashe mafi yawa, wajen kashi ɗaya cikin huɗu kuma rauni ne ya kashe su tun kafin dusar ta tsaya, waɗannan babu na'urar da za ta cece su. Yarima Friso na Holan ya yi sama da minti 20 a binne a Lech ta Ostiriya a Fabrairun 2012. An tono shi, amma bai farfaɗo ba har ya rasu a Agustan 2013. Jirgin ceto ba zai iso cikin minti 10 ba, abokanka ne jirginka. Kowa ya ɗaura na'urar gano binnanne a jikinsa, dukansu a kan zango ɗaya suke magana, kilohaz 457, a kuma gwada ta kowa kafin a tashi. Waya ta yi nesa da ita da aƙalla santimita 20, in ana nema kuma 50. Sai sandar caka mai naɗewa, da shebur na ƙarfe, ba na roba ba, domin dusar da ta zaftare takan daskare ta yi tauri, kuma tono mutum daga zurfin mita ɗaya kwashe fiye da tan guda ne. Haƙan ne yake cinye lokaci, ba neman ba, shi ne kuma ba wanda yake son gwadawa. Jakar baya mai kumbura da iska tana taimakawa, binciken da Pascal Haegeli ya jagoranta a 2014 ya nuna ta rage mutuwa daga kashi 22 zuwa 11 cikin 100 a tsakanin waɗanda babbar zaftarewa ta ɗauka. Rabi ke nan. Ɗaya rabin yana nan. A gangare mai shakka kuma mutum ɗaya-ɗaya ake sauka, sauran suna kallo daga gefe, ba daga gindinsa ba.

Asabar ɗin nan, in ni ne, ba zan taka gangaren ba, ba zan kuma bi ta ƙarƙashinsa ba. Zan buɗe taswira daren Juma'a in nemo wuri mai digiri 25 zuwa 28, ko da mai inuwar ne don dusar ta yi laushi, in dai babu tsayayyen gangare a bisa kansa, in haƙa ramin a can in nuna wa abokinka layin sukarin da idonsa. Naku kuwa ku bar shi sai rahoton ya daina ambaton tsohuwar dusa a wannan fuska da wannan tsawo, ba sai lambar kawai ta sauka zuwa 2 ba. Wata shekarar hakan ba ya faruwa sai wajen Afrilu ko Mayu, sa'ad da narkewa da daskarewa suka yi ta maimaituwa, kuma fuskar arewa ita ce ta ƙarshen shiga wannan hali. Ranakun farko da ruwan narkewa ya fara ratsawa zuwa tsohon raunin su ma na kaucewa ne, don a lokacin yakan farka. Bayan nan lissafin ya koma na agogo: a tabbata daren ya yi wasai saman ya daskare har yana ɗaukar mutum, a tashi tun da duhu, a sauka sa'ad da santimita kaɗan na sama suka yi laushi. In ka cire allon ka taka, takalminka ya nutse ya wuce idon sawu cikin jiƙaƙƙiyar dusa, lokacin ya wuce, sai a nemi hanyar gida ta wuri mai kwanciya.